Gilashin motar Alhaji

Gyaran kwaɗo da yankan makulli na gada, kuma a rumfata ta kasuwar Bodinga na yi su har gemuna ya yi fari. Ni mutum ne mai riƙo, na sani, mahaifiyata ma ta sha faɗa mini.

Zamanin siyasa akwai wani ɗan unguwarmu, tare muka yi kiwon awaki da shi, ya samu kwangila ya sayi mota, ya je Makka ya dawo Alhaji. Ran da ciwon mahaifiyata ya tashi na je ƙofar gidansa, na tuɓe takalmi na durƙusa, na roƙe shi ya kai ta asibiti Sakkwato. Ya dube ni ya ce in je jam'iyyar da na jefa wa ƙuri'a ta ba ni mota. A bayan akori-kurar albasa na kai ta. Ta warke, ta kuma yafe masa. Ni ban yafe ba.

Soja suka karɓi mulki, kwangila ta ƙafe, kaya suka yi wuya. Ko taya mutum yake nema sai ya yi wata yana yawo, balle gilashi. Motar nan ita kaɗai ta rage wa Alhaji, kullum da safe da kansa yake goge ta.

Wata ranar kasuwar Shagari ina zaune da kayan aikina sai ga shi yana haki. Ya tsaya sayen alewa, ya tura ƙofa, makulli na ciki. Goron ɗaurin auren 'yarsa na kan kujerar baya, kuma a Dandin Mahe ake jiransa bayan azahar.

Na bi shi na duba. Irin wannan ƙofa ba ta ɗaukata minti guda: wayar tsohuwar lema za ka lanƙwasa, ka zura ta gefen roba, ka ɗago maɓalli. Wayar na aljihuna. Na zagaya motar sau biyu, na leƙa ƙasa, na girgiza kai.

Ya ce, "Don Allah ɗan'uwa, yau aka ɗaurin auren ɗiyata, mutane na can zamne."

Na ce, "Ranka shi daɗe, wagga ƙohwa ba ta buɗuwa. Sai dai a hwasa gilashi."

Ya yi ta kallon rana yana kallon goro. Da aka kira salla ya sunkuya ya ɗauki dutse da hannunsa. Sau uku ya buga kafin ya fashe, kuma wallahi kowane bugu sai da na ji sanyinsa a raina. Ya nemi gilashi har Sakkwato bai samu ba, ya liƙa leda a gurbin, damina ta zo tana jiƙa masa kujera.

Bayan kamar wata biyu wani malamin makaranta ya kulle nasa makullin cikin motarsa a bakin tashar Bodinga. Alhaji na gefe, yana zaune cikin motarsa. Na jira sai da na tabbata idonsa na kaina, sannan na zaro wayar, na zura, na ɗago. Ƙofa ta buɗe kafin malamin ya gama yi mini bayani.

Na taka har inda Alhaji yake, na gaishe shi da kyau, na tambaye shi lafiyar amarya.