Wutsiyar Tirela

Babanmu direban ƙaramar mota ne, yana tuƙa wani Bature na kamfanin sayen gyaɗa tsakanin Kano da Rano. Bayan samun 'yancin kai Baturen ya tattara ya koma gida, kamfanin kuma ya kawo tireloli. Maimakon a nemi waɗanda suka taso a babbar mota, sai aka ɗebi irin su Baba, aka ɗan zagaya fili da su, aka miƙa musu makulli. Wai ai mota mota ce. Har yau in na tuna wannan magana raina ɓaci yake.

Wata ranar kasuwar Kibiya Baba ya zo ɗaukar buhuna, ina tsaye ina kallo. A kwanar shiga kasuwa ya karya kan motar daf da wata tsamiya, yadda hannunsa ya saba. Kan ya wuce lafiya, har yana ɗaga wa mutane hannu. Ita kuwa wutsiyar tirela ba ta bin sawun kai, yanke kwana take yi. A gindin tsamiyar akwai wata Bafulatana da ta daɗe tana sayar da nono a wurin. Kafin la'asar aka yi mata sallah.

Alƙali ya ce ƙaddara ce, danginta kuma suka yafe. Baba bai sake taɓa sitiyari ba, ya koma noma a Fammar. Amma har ya rasu, ko a ƙafa yake, in ya zo kwanar lungu sai ya buɗe can gefe, sannan ya waiwaya ya duba bayansa.