Orval Mai Tsintar Senti

Yayana Orval bai taɓa wuce senti a ƙasa ba. Ko a bakin kwata ya gan shi sai ya durƙusa ya ɗauka, ya goge da gefen rigarsa. Mutanen garinmu suka ce rowa ce. Rowar me, mutumin da zai ba ka lomar bakinsa? Rubutun da ke jikin kuɗin ne ya dame shi: Ga Allah muka dogara.

Aikinsa kwashe tsabar kuɗi daga injinan wanki da na lemo a gundumarmu da ke jihar Ohio, don haka ya san inda sunan nan yake kwana.

"Maxine, yau a banɗakin mashaya na ciro shi," in ji shi. "Sunan Ubangiji fa! Da shi ake caca, da shi ake sayen giya."

Ni kuwa in ce, "Yaya, ci abincinka, naman zai huce."

Tun yana saurayi shi ke kaɗa ƙararrawar cocinmu. Matarsa Lorna tana kwance a maƙabartar bayan cocin, an bar masa wuri kusa da ita, har an sassaƙa sunansa a dutsen, ranar mutuwa kawai ta rage. Ba shi da wani buri da ya wuce wurin nan. Dokar cocin kuwa ɗaya ce, ɗan ikilisiya kaɗai ake binnewa a ciki.

Sai wata lauya daga birni ta fara tara mutanen da za su kai gwamnati ƙara a cire kalmomin daga kuɗi. Yawancinsu ba su yarda akwai Allah ba. Orval ya shiga, shi nasa dalilin daban, so yake a raba sunan Allah da ƙazanta. Kotu ta ɓoye sunayen masu ƙarar don kada a taɓa su. Mutum biyu Orval ya gaya wa: ni, da amininsa Harlan, dattijon coci, wanda suka yi soja tare. A kicin ɗina aka yi, Harlan yana cin gasasshiyar tuffata, bakinsa cike.

"Gaskiyarka, mutumina," ya ce. "Ba don tsoron matata ba, da ni ma na shiga. Maganar nan ta mutu a nan."

Ta mutu, ina! Da zaɓen shugaban dattawa ya ƙarato, Harlan yana neman kujerar ido rufe, sai ya miƙe a taron ikilisiya ya ce akwai wanda yake zaune cikinmu amma ya haɗa kai da marasa Allah. Bai kira suna ba, kallo kawai ya yi.

Orval ya tashi da kansa. "Ni ne. Harlan, gaya musu dalili, ai ka sani."

Harlan ya zuba wa takalmansa ido. "Ni ban san wani dalili ba."

Aka ɗaga hannu, aka cire shi daga ikilisiya. Mutanen da ya kaɗa wa ƙararrawar aurensu, har da su. Na yi ihu har muryata ta dishe, ba wanda ya waiwayo. Harlan ya sami kujerarsa.

Da shari'ar ta ƙare, alƙali ya ce kalmomin su zauna, domin sun daina zama addini, ado ne kawai na al'ada. Cocinmu ya yi biki, aka gasa talotalo. Muna zaune a barandata muna jiyo waƙarsu.

"Kin ji ko?" in ji Orval. "An ce sunan Allah ba ya nufin komai, su kuma suna rawa."

Fasto ya aiko cewa in ya tsaya gaban jama'a ya tuba, za a mayar da shi. Na roƙe shi har da kuka. Na ce, "Yaya, faɗi kawai, ko don Lorna."

"In yi ƙarya a coci don in kwanta kusa da ita? Da wane ido zan dube ta?"

Da sanyin bana ya rasu. Muka binne shi a ɓangaren tsofaffin sojoji na maƙabartar gunduma, can tsallaken kogi. Sunansa yana nan a dutsen Lorna, ba kowa a ƙarƙashin sunan.

Ranar tunawa da sojoji na kai masa furanni, sai na tarar da Harlan a bakin kabarin. Tsohon soja in ya ziyarci ɗan'uwansa yakan bar tsabar kuɗi a kan dutse, shaidar ya zo. Ina gani ya ɗora senti. An yi ruwa da safe, sentin ya zame ya faɗa taɓo.

"Sannu da haƙuri, Maxine," ya ce. "Girmamawa ce ta soja."

"Girmamawa ta ci gidanku! Duk duniya ka rasa abin ɗora masa sai wannan? Ɗauke abinka."

Bai ɗauka ba. Ya gyara hularsa ya nufi mota.

Gwiwoyina ba sa lanƙwasuwa yanzu, amma na durƙusa. Na ciro shi daga taɓon, na goge da gefen rigata. Har yau ban yafe ba, kuma ba ni da niyya.