Kaset Ɗin da Orrin Pelkey Ya Hana Mu

Duk tsohon mai ɗaukar kiɗa da ka tambaya a arewacin Vermont wane ne Orrin Pelkey, abu biyu zai gaya maka: kunnensa babu irinsa, kuma marowaci ne. Na farkon gaskiya ne. Na biyun kuwa ni na ƙirƙira, ni na yaɗa, na kuma yi shekara ashirin da tara ina nanata shi ga duk wanda ya tsaya kusa da ni. Sunana Delbert Gagnon, amma tun ina firamare ake ce mini Rediyo, kuma ba don na iya gyaran rediyo ba ne.

Orrin mai gyaran injin ɗumama gida ne a garinmu. Idan sanyi ya kankama, ƙanƙara ta kai gwiwa, shi ake kira. Zai sauka ɗakin ƙasa, ya tsaya gaban injin, ya karkata kai yana saurare kafin ya taɓa komai, sannan ya ce, "Fanka ce," ko ya ce, "Bututu ne." Iyakar hirarsa ke nan. Matarsa Maxine ta ce ranar da ya zo neman aurenta ma ita ta ƙarasa masa zancen, don ta ga rana za ta faɗi bai kai ƙarshe ba.

Abin da ya haɗa ni da shi makaɗan Muddy Ladle ne, mutum biyar da muka bi gari-gari tun muna da gashi a ka. Su dai waƙa ɗaya sai su ja ta rabin awa, su ɓace a cikinta, su dawo ta wata hanya, kuma ba sa taɓa yin ta iri ɗaya sau biyu. Abin da ka ji yau, in ba a ɗauka ba, ya tafi ke nan. Shi ya sa suka bar mana wuri a tsakiyar fili, mu kafa dogayen sandunanmu da makirufo a kai. Dokarmu biyu ce: ba a sayar da kaset, ba a kuma hana shi. Ko daga ina mutum ya aiko maka da kaset sabo da ambulan mai kan sarki, dole ka kwafa masa ka mayar. Orrin duk Lahadi a kan wannan yake ƙarewa. Akwai doka ta uku da ba sai an faɗa ba, cewa kusa da makirufo mutum ya kama bakinsa.

Ni ba ni da kunne, rikodata kuma ta gwangwani ce. Sai na naɗa kaina mai gadin sandar Orrin. Ni ke ɗaukar ta daga mota, ni ke tsayawa a gindinta in kori masu surutu da masu rawa da kofin giya a hannu. Har riga na sa aka buga mini, da hoton yatsa a kan leɓe. Babu wanda ya ba ni wannan sarauta, amma na riƙe ta da muhimmanci.

Ranar da abin ya faru Asabar ce, ƙarshen Agustan 1994, a filin baje kolin manoma na gundumarmu. An saka makaɗan da la'asar, tsakanin gasar shanu da gasar tarakta. Hadari ya haɗo, aka fara yayyafi, sauran masu ɗauka uku suka naɗe kayansu suka gudu mota. Orrin ya ɗaure lemarsa a saman sanda don ta rufe makirufo, shi kuma ya tsaya ruwa yana dukansa, rikoda a cikin rigarsa. Can sai mawaƙin ya ce yau malaminsa na wurin, wani tsoho mai raba wasiƙu da ya yi ritaya, daga Springfield ta Massachusetts, wai shi Cleophus Ware. Tsohon ya hau dandamali a hankali, da akwatin saksofon da aka ɗaure da bel ɗin wando. Ya fito da ƙahon, ya goge bakinsa, ya sa baki.

Minti ashirin da biyu ya yi yana busa. Waɗanda suka ji sun ce mai jita ajiye hannu ya yi yana kallonsa, masu sayar da soyayyen ƙulli suka bar mai yana ƙonewa. Na ce waɗanda suka ji, don ni ina bakin aiki. Wata mata mai rigar ruwa rawaya ta zo ta tsaya daidai gindin sandarmu, tana tafi tana ihu, "Busa, Cleo! Busa musu su ji!" Na kuwa yi maganinta yadda ya kamata. Na koma gida ranar ina jin na ceci tarihi.

Bayan kwana uku na je wurin Orrin da kaset sabo a hannu. Na same shi a gareji.

Na ce, "Mutumina, ga nawa. Ni ne na farko a layi."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Babu."

"Babu kamar yaya? Batir ne ya mutu?"

"A'a."

"Ruwa ya shiga?"

"A'a."

"To ai da idona na ga jar fitila tana ci! Na ga ka juya kaset!"

"Babu dai, Del."

Haba! Raina ya ɓaci. Kafin sanyin shekarar ya fita sai labari ya zo tsohon ya rasu, kuma ashe bai taɓa shiga ɗakin ɗaukar waƙa ba a rayuwarsa. Wannan busar ta la'asar ita kaɗai ce aka ɗauka, kuma tana hannun mutum ɗaya. Daga California ake aiko wa Orrin ambulan, daga Kanada ake aikowa. Duk wanda ya aiko, sai Orrin ya kwafa masa wani wasan daban, mai kyau, ya haɗa da 'yar takarda: "Na Agusta babu, yi haƙuri." Ni kuwa na buɗe tashata. A wurin ajiye motoci, a layin shiga, ko'ina na ga kunne biyu sai in ce, "Kun ga wancan mai shiru-shirun? Macijin ƙaiƙayi ne. Ya danne mana Cleophus Ware, shi kaɗai yake ji a ɗaki." Da intanet ta zo, mutanenmu suka yi jerin duk wasannin da aka taɓa ɗauka, ni na rubuta a gaban ranar: "Akwai kaset, yana wurin Orrin Pelkey, ya hana."

Mutane suka daina aiko masa da nasu. A fili, in ya kafa sandarsa, sai na kusa su matsa. Bai taɓa kare kansa ba. Abin haushin ma, ban daina ɗaukar masa sandar ba, don in ba shi ba babu mai yarda in tsaya kusa da kayansa. Kuma duk Janairu injina sai ya mutu, in kira shi, ya zo. Yana kwance a ƙasa cikin baƙin mai, ni ina zaune kan matakala ina masa wa'azi a kan rowa.

In ce, "Orrin, da shi za a binne ka?"

Ya ce, "Miƙo mini sifana."

Bara, farkon bazara, zuciyarsa ta tsaya yana cikin motar aikinsa a ƙofar gida. Na yi kuka sosai, ba zan ɓoye ba. Na kuma yi jawabi a coci, mai tsawo, har fasto ya duba agogo sau biyu.

Bayan wata ɗaya Maxine ta kira ni. Na same ta a kicin da wasiƙa a gabanta. Ta ce daga wata Odessa Ware ce, 'yar tsohon nan. Matar ta rubuta cewa tana jami'a lokacin da aka yi wasan, ba ta je ba, kuma ba ta da ko sakan ɗaya na busar mahaifinta. Yanzu ta yi jika, tana so ya ji kakansa.

Maxine ta cire tabarau ta ce, "Ta ce a intanet ta karanta wai mijina ya ɓoye mata uba a akwati. Wa ya rubuta haka, Rediyo?"

Na sami abin kallo a takalmina.

Ta ce, "Kaset dubu da ɗari huɗu ne a ƙasa. Ni ban san kansu ba. Sauka ka nemo wa yarinyar mutane abinta."

Kaset ɗin ba ya kan kantar da aka jera sauran. A can bayan kantar na same shi, cikin gwangwanin zumar itacen mapul, an naɗe shi da leda. Orrin ya rubuta takardarsa da ƙananan haruffan nan nasa, kamar kullum: kwanan wata, irin makirufo, sunayen waƙoƙi. A ƙasa ya sa: "Baƙo: Cleophus Ware, saksofon. Baƙo na biyu: Del, sau goma sha bakwai." A ƙarƙashi kuma: "Kada a ba kowa. Abokina ne."

Ban gane ba sai da na kunna. Ga ruwa yana ɗiga kan lema, ga ganga, ga ƙahon tsohon ya shigo a sanyaye. Sai wata murya ta fashe, ta danne komai: "SHHH! ANA ƊAUKA!" Tirƙashi. Ashe matar a gefe take, ihunta can nesa yake fitowa, kamar na kowa a cikin taro. Ni ne bakina ke daidai ƙarƙashin makirufo. Duk inda tsohon ya sassauta busa, nan nake samun sarari. A wurin da ya ja wani sauti siriri, ganga ta yi shiru, jita ta yi shiru, sai ga ni tar: "Baiwar Allah, tarihi fa ake ɗauka a nan, ki rufa mana baki!" Nan na kashe rikodar, ban iya ƙarasawa ba.

Ku sani mutanenmu ba sa mantuwa. Akwai wanda ya yi tari sau uku a wani wasa na 1989, har yau Tari ake ce masa, jikokinsa ma sun sani. Da wannan kaset ya zaga ƙasa, da babu filin da zan sake shiga. Orrin ya ji abin da na ji tun a garejinsa, ya zaɓi a zage shi. Ni kuma na taya shi da zagin.

Na hau sama, na gaya wa Maxine. Na ce ko in rubuta wa matar in ce kaset ɗin ya lalace, ai shekara talatin ba wasa ba ce.

Ta ce, "In ka ga dama ka ce babu. Ai ka san sunan da ake kiran mai cewa babu, kai ka raɗa shi."

Na kwafa shi yadda yake, ban goge komai ba. Na goge layin da na rubuta a jerin, na sa na gaskiya, da sunana cikakke da yawan shhh ɗina. Sannan na tuƙa awa uku da rabi zuwa Springfield, don wannan ba abin aikawa a ambulan ba ne.

Odessa ma'aikaciyar jinya ce, doguwa, gashinta ya fara fari. Ta zaunar da ni a kicin, ta ba ni kofi. Na fara share fage, cewa akwai 'yar matsala a ɗaukar, akwai wani mutum, to mutumin dai ni ne. Ta ce, "Mista Gagnon, kunna kawai."

Da ƙahon ya shigo ta dafa tebur da hannu biyu. Da muryata ta shigo ta ɗaga ido ta dube ni, ni kuma na so ƙasa ta tsage. Muka kai wurin wa'azina na tarihi, inda na kashe a gidan Orrin. Ashe matar ta matso ta ba ni amsa, daidai bakin makirufo, muryarta raɗau: "Tarihin mijina ne, ɗan nan. Shekara arba'in nake masa ihu, ba yau zan daina ba!"

Odessa ta rufe baki da hannu. Ta ce, "Mama." Ta ce, "Mayar baya." Na mayar. Sau biyar muna jin wurin, tana dariya hawaye na zuba. Ta ce mahaifiyarta ta rasu shekara ashirin da suka wuce, kuma ta fara manta yadda muryarta take.

Na ga ƙofa ta buɗe mini, sai na fara murmurewa. Na ce ai kin ga ikon Allah, da ban yi magana ba da ba ta amsa ba, kuma dama Orrin, Allah ya ji ƙansa, mutum ne wanda...

Ta ɗora yatsa a leɓe. Ta ce, "Shhh. Babana na busa."

Na yi shiru. Saura minti shida, kuma a karon farko na ji abin da tsohon nan ya yi a filin shanu cikin ruwa. Ban san yadda zan faɗa muku ba, ni da ban taɓa rasa magana ba. Ana dab da ƙarshe, bayan shhh ɗina na goma sha bakwai, sai wata murya ta fito ƙasa-ƙasa, kusa sosai. Na saurari kaset-kaset ɗin Orrin tun daga ranar, ɗaya bayan ɗaya, na kusa gama dubu da ɗari huɗun, kuma babu inda muryarsa ta fito sai nan. Mutumin da ko numfashi ba ya yi kusa da makirufo, ya karya dokarsa sau ɗaya.

Ya ce, "Del, bar su. Saurara kawai."