Wilin Araha a Hanyar Kawo

Cikin duk shekarun da na yi ina sayar da kayan keke a Kaduna, akwai ciniki guda da ba zai taɓa fita daga raina ba, kuma shi ne cinikin da na ƙi yi. Abu uku na kusa rasawa a kansa: wili ashirin da na zuba rabin jarina a ciki, mahauta goma sha biyu waɗanda su ke riƙe da rumfata, sai kuma sunana a kasuwa, wanda na fi jin tsoron taɓuwarsa.

Zamanin Turawa ne, 'yan shekaru kafin mulkin kai, lokacin da ake ta gina ofisoshi a garin. Keke a lokacin shi ne motar ma'aikaci, shi ne kuma jakin ɗan kasuwa. Ni da famfo ɗaya da robar faci na fara, a gindin bishiya. Sannu a hankali na samu rumfa kusa da kasuwa, ina gyara, ina kuma sayar da taya da kaca da birki da wili.

Wata rana wani Kwara, mutumin Kudu, da nake sarin kaya a wurinsa ya nuna mini wani sabon wili da aka kawo masa na gwaji, goma na gaba, goma na baya. Ƙyallinsa kamar madubi, ga shi sakayau a hannu, kuɗinsa kuwa rabin na kanti. Na kwashe su duka, don kada wani ya riga ni. Amma ban sayar ba sai da na ɗaura biyu a kekena na yi ta yawo da su. A kan kwalta, ni kaɗai, babu abin kushewa, har gudu ya fi na kanti. Da na goya wani abokina muka sauka kwalta, sai na ji na bayan yana ƙara ƙas-ƙas. Na duba, ƙarfen gargarensa siriri ne, sifokinsa ma haka, wato wayoyin nan da ke riƙe da shi. Nan na yanke shawara: wannan kayan akawu da malamin makaranta ne, mai ɗaukar kaya ba zan ba shi ba.

Wanda ya fara saye wani akawu ne da ke zaune a Kawo, ɗan siriri mai tsafta, wanda in ban da laima da ƙunshin abincin rana ba abin da yake ɗorawa a kekensa. Na ɗaura masa gaba da baya, ya tafi yana murna.

Ashe gida ɗaya suke haya da wani dattijon mahauci, babban abokin cinikina. Baba nake ce masa. Ƙato ne, kuma kullum da safe yakan ɗauko nama daga kwata ya kai teburinsa a Kawo, kwando cike a kan kariya, wani lokaci har da cinyar bijimi a ɗaure a sama. Shi ya fara yarda da ni tun ina gindin bishiya, kuma duk inda ya kai kekensa, can sauran mahauta suke kai nasu. Wilinsa na baya ya tsufa, mun ɗaure mun ɗaure har mun gaji. Da ya ga na akawu yana walƙiya a zauren gidansu, washegari sai ga shi. Bayan mun gaisa ya nuna waɗanda na rataye, ya ce in sauko masa da na baya guda.

Na ce, "Baba, wannan ba naka ba ne. Ba zai ɗauke ka da nama ba."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Wilin ma yanzu sai wanda ya yi boko?"

Waɗanda ke zaune a bencin rumfar suka yi dariya. Na yi masa bayani dalla-dalla, na ɗora masa na kanti a hannu ɗaya, na araha a ɗaya, don ya ji bambancin nauyi. Har na ce ya ɗauki na kantin a yadda na saro shi, ba na son riba. Wannan ne ma ya ƙara ɓata masa rai, don a ganinsa na mai da shi abin tausayi a gaban mutane. Ya ajiye su duka biyu a hankali, ya ce ya gane, yaron da ya sani da famfo ɗaya ya girma, yanzu shi ke zaɓa wa mutane abin da za su saya da kuɗinsu. Ya tura kekensa ya tafi.

Daga ranar mahauta suka ɗauke ƙafa. Ba wanda ya zage ni, kawai dai sai in hango su sun wuce zuwa wurin wani mai gyara a ƙasan layi. Wilin arahar kuwa ni kaɗai ke da shi, don haka Baba ya ci gaba da lallaɓa tsohonsa. Abin da ya fi damuna shi ne wilin akawu lafiyarsa ƙalau. Wata ya wuce, wani ya bi, ko sifoki ɗaya bai tsinke ba. Kullum da safe sai ya wuce ta gaban rumfata yana kaɗa ƙararrawa, kamar an aiko shi ya ƙaryata ni. Magana ta bazu cewa na ɓoye kaya mai kyau ina tura wa talaka mai tsada. In Baba ya zo wucewa, yakan rage gudu ya ce, "Mai keke, wilin nan naka har yanzu bai mutu ba," ya wuce abinsa.

Ba zan ɓoye ba, na sha zama ina auna abin. Matata ta ce in ba shi mana, tunda da bakinsa ya nema, in ya karye ai ba ni na hau ba. Maganarta tana da hanya. Amma na san ranar da wilin nan zai kayar da shi, ba wanda zai tuna shi ya nace, cewa za a yi a rumfata aka saya. Na zaɓi in ci gaba da zaman shiru a rumfa.

Ana cikin haka damina ta kankama, hanyar da ta sauka daga kwalta zuwa cikin Kawo ta cika da ramuka. Wata Lahadi tsohon wilin Baba ya ƙi tashi gaba ɗaya, ga shi shi da abokansa sun riga sun yi cinikin wani sa na yanka. Ran Lahadi ba a zuwa ofis, keken akawu yana jingine a zaure. To a wajenmu wa zai hana maƙwabci aron keke, balle dattijo, balle kuma wanda ke miƙo maka tsoka kyauta ran Juma'a? Akawu ya ba shi, yana cewa Allah ya kiyaye hanya. Na tabbata Baba har daɗi ya ji, ga dama ta samu ya nuna mini.

Da hantsi ina zaune sai na hango shi tafe a ƙasa, keke a kafaɗa, rigarsa duk laka, gwiwarsa ta goge. Akawu na biye da shi riƙe da laima, fuskarsa kamar an yi masa rasuwa. Baba ya sauke keken a gabana. Wilin baya ya lanƙwashe kamar murfin kwano da aka taka, sifokin sun yi cirko-cirko. Na gaba kuwa ko gezau.

Daga baya na ji yadda aka yi. A kan kwalta lafiya ya tafi, yana sauka ya faɗa rami na farko wilin ya naɗe. Naman ya zube cikin taɓo, aka wanke, aka sayar wa masu tuwo a yadda suka taya.

Na yi masa sannu, na ba shi benci da ruwa. Ya sha. Can ya ce, "Sauko da mai nauyin nan guda biyu. Ɗaya nawa, ɗaya na Malam. Kuma ka sa ribarka, ba sadaka na zo nema ba."

Akawu ya ce shi a mayar masa da irin na da ma ya isa, ai bai taɓa ba shi matsala ba. Na tambaye shi, in Baba ko wani a gidan ya sake neman aro, zai hana? Ya ce ina zai iya. Baba ya yi dariya a karo na farko, ya ce, "To ka ji. Kekenka na gidanmu ne, kai dai ka saya."

Wannan ita ce tambayar da ban yi ba da farko. Na auna mai keke da kayansa, ban auna maƙwabtansa ba. Tun daga ranar, duk wanda ya tambaye ni ko wilin araha abin saye ne, amsata ɗaya: a gaba, saya, kuɗinka ya huta. A baya kuwa, inda nauyi yake, sai ka gaya mini wa zai hau, me zai ɗauka, wa kuma zai ara. Na ukun nan kusan kullum shi ke kashe cinikin.

Ga yadda lissafin ya ƙare. Na gaba guda goma duk sun shiga, ban taɓa jin kukan ko ɗaya ba. Na baya, wasu na kwance na mayar da su na gaba, huɗu kuwa suka yi ta rataye har tsatsa ta ci su, na ba yaran unguwa suna gara su a layi. Na yi asarar waɗannan huɗu da cinikin mahauta na kusan rabin shekara. Baba ya yi asarar naman yini guda da kuɗin wili biyu. Abin da na samu shi ne mahautan nan goma sha biyu sun dawo, sun jawo masu itace da masu gawayi daga wajen Rigasa, kuma har na bar sana'ar, in na ce wa mutum wannan ba naka ba ne, ba ya sake tambayata dalili.