Sakatar Ɗakin Inna

Shekarar da aka shafa wa gidanmu na unguwar Misfala a Makka jan fenti, alamar rusau, na tasa jikokina biyu, mace da namiji, a gaba daga unguwar Rusaifa, na ce sai sun ga inda aka haife ni kafin katafila ta iso. Yaran Larabci ya cinye musu baki, Hausarsu sai a hankali.

Tarihin mahaifina kam sun haddace, wanda ya tako a ƙasa daga Sakkwato har ya ga Ka'aba. Shi suke ba abokansu. Na Inna, mahaifiyata, ba mai ɗauka, kuma abin ya daɗe yana ci mini rai. A makaranta ba a faɗa, a gida ana kauda kai.

Na kai su ɗakinta, na nuna musu sakatar ƙofar.

Na ce, "Inna baiwa ce a wani babban gida a garin nan. Da aka 'yanta bayi, ta fito ba ta san garinsu ba, ba ta san yarensu ba. Matan layin nan suka karɓe ta, suka koya mata Hausa da dama kunun sayarwa."

Namijin ya waiga ko wani na ji, ya kira ni da Sitti, wato kaka. "Ya Sitti, aib! Khalas, ya wuce."

Raina ya ɓaci. "Aibun na wa? Nata, ko na wanda ya saye ta? Ungo naka!" Na yi masa daƙuwa.

Sannan na gaya musu abin da ta fara nema da ta samu ɗakin kanta. Ba katifa ba ce. Kafinta ta kira ya sa mata sakata ta ciki, domin duk tasowarta ta waje ake kulle ta. Har ta rasu, ko mahaifina sai ya ƙwanƙwasa ya jira.

Macen, wadda ko gaisuwa da Hausa sai an matsa mata, ta shiga ta tura ƙofar. Muka ji ƙarar sakata. Ta jima a ciki.

Yayanta ya gaji ya ɗaga hannu zai bubbuga da ƙarfi, sai ya fasa. Ya ƙwanƙwasa a hankali, ya tsaya yana jira.

Da ta buɗe, idonta ya yi ja. Ta ce, "Sitti, a cire mini sakatar nan. Ba za su rushe da wannan ba."