Madubin Sannu-Sannu

Shekara ashirin da shida ke nan Sannu-Sannu yana aski a shago ɗaya, tsakanin mai gyaran takalma da shagon magani. Kujera ɗaya gare shi, da benci, da babban madubi a bango, da wani ƙarami mai mariƙin roba da yake ɗagawa a bayan mutum idan ya gama, don mai kai ya ga ƙeyarsa. Kawunsa ne ya koya masa sana'ar, shi ne kuma ya laƙaba masa sunan, saboda kan da wani zai gama cikin minti goma shi sai ya kai rabin awa yana lallaɓa shi. Matarsa takan ce da abinci yake dafawa da yunwa ta gama da su tuntuni.

Wannan nawar ce arzikinsa. Mutum ya zauna, aka ɗaure masa ƙyalle a wuya, injin aski yana ɗan kuka a bayan kunne, sai bakinsa ya buɗe. Wanda matarsa ta daina yi wa magana, wanda ɗansa ya faɗi jarrabawa, wanda likita ya gaya wa abin da bai gaya wa gida ba, duk a kujerar nan suke sauke kaya. Shi kuwa sai "to" da "Allah ya kyauta". Kowa ya san cikinsa rijiya ce.

'Yarsa ta fari ce ta saya masa babbar waya, ta sa masa wani dandali da 'yan unguwa ke shiga, ana ce masa Rumfa.

"Baba, nan ba a sa suna," in ji ta. "Kullum da safe sai ya ba ka sunan wata dabba. Yau kai kurege ne, gobe jimina. Abin da ka rubuta kuma kwana ɗaya yake yi ya goge kansa. Ko hotonsa ka ɗauka baƙi zai fito."

"To meye amfanin maganar da ba mai ita?"

"Amfanin ke nan, Baba."

Wata biyu yana karatu kawai tsakanin kai da kai. Ranar da ya fara rubutu, ɗan abu ne game da wani mai rina gemu yana rantsuwa bai rina ba. Mutum arba'in suka yi dariya. Shekara ashirin da shida yana sauraro, ba wanda ya taɓa cewa yana da ban dariya. Gaskiya abin ya yi masa daɗi, daɗin da ya fi ƙarfinsa. Washegari ya duba, babu komai, kamar an share gashi daga ƙasa. Sai ya ƙara.

Cikin masu zuwa akwai Direba, mai tuƙa motar wata makaranta, abokinsa tun suna samari. Duk Asabar da safe yake zuwa. Wajen shekara guda Sannu-Sannu ya lura idan ya ɗaga ƙaramin madubin ta hagu, Direba sai ya juyo da kai gaba ɗaya yana nema. Sai ya koma ɗagawa ta dama. A haka suka zauna, kowa ya san ɗan'uwansa ya sani.

Da ya ja shi gefe ya ce, mutumina, yara kake ɗauka, je ka ga likita, da ya yi abin kirki. Bai yi haka ba. Wata Talata da rana, shago ba kowa, Rumfa ta yi shiru, wayar ta ba shi suna Bushiya, sai ya rubuta: "Akwai direban da idonsa na hagu ya yi ritaya ya bar shi a bakin aiki. Sai ta dama ake nuna masa madubi." An yi dariya fiye da kullum. Laraba rubutun ya ɓace.

Ranar Juma'a makarantar ta karɓe makullin mota daga hannun Direba.

Ba wanda ya zo ya zagi Sannu-Sannu, da ma an zo da ya fi sauƙi. Mai shagon magani ya zauna a kujera, aka yi masa aski tun daga fari har ƙarshe bai ce uffan ba. Mai gyaran takalma, wanda ba ya iya shan ruwa bai ba da labari ba, ya ce yau kansa ke ciwo. Mako biyu bayan haka Sannu-Sannu ya hango shi ya fito daga shagon wani mai aski a bakin titi, ƙeyarsa a karkace. Bencin ya fara tara ƙura. A Rumfa kuma wani Kada ya rubuta, "Wasu kujerun kunne gare su," mutum sittin suka amsa, kafin gari ya waye ya goge. Ba shi da wanda zai tunkara. Duk wanda ya gaishe shi a hanya, sai ya tsaya yana tunanin ko shi ne Kada.

"Wai me ka yi wa mutane?" matarsa ta tambaya.

"Me kika ji?"

"Ban ji komai ba. Shi ne abin da ya dame ni."

Mutum ɗaya ne bai daina zuwa ba, bai kuma daina magana ba. Direba ba ya Rumfa, wayarsa ƙarama ce mai maɓalli, bai ga rubutun ba, kuma babu sauran abin da za a nuna masa. An dai ce masa wani ya rubuta. Duk Asabar sai ya zauna ya lissafo waɗanda yake zargi: mai gadin makaranta, ƙanin matarsa, wani direba da ke son aikin.

"Kai da kake jin maganar kowa, ka sa min kunne," yakan ce. "Kai kaɗai ka rage min, wallahi."

Sannu-Sannu sai ya ce "to". Tsoro yake ji, irin wanda bai taɓa ji ba. Ya goge Rumfa daga wayar, amma hakan bai rage komai ba.

Asabar ta bakwai Direba ya shigo, ya gaisa, ya zauna. Aka ɗaura ƙyalle. Yau bai kawo sunan kowa ba. Injin kaɗai ke kuka, Sannu-Sannu yana jan aikin fiye da yadda ya saba, don ba ya so a kai ƙarshe. Amma kai ɗaya ne, ya ƙare. Ya kaɗe gashin wuya, hannunsa ya ɗauko ƙaramin madubin da kansa, ya ɗaga ta dama.

Direba bai dubi ƙeyarsa ba. Ta cikin babban madubin ya kafe shi da idon da ke gani.

"Jiya jikata da ke Rumfa ta tuno min yadda aka rubuta abin," ya ce a hankali. "Ta ce an ambaci madubi. Na kwana ina lissafi, mutumina. Ni ko matata ba ta san ta wane gefe ake nuna min madubi ba."

Ya kwance ƙyallen da hannunsa, ya naɗe shi da kyau, ya ajiye a kan kujera. Har ya tsallaka titi, yana juya kai gaba ɗaya don duba motocin hagu, Sannu-Sannu bai sauke madubin ba.