Littafin Tatsuniya a Gafakar Baba

Jiya na tsinci wata takardar Larabci a ƙasa, na soke ta a katanga, sai na tuna da tsohon da muka yi leburanci tare a gonakin Samnu, wani ƙauye a can ƙasar Larabawa, zamanin da arzikin fetur ya kwaso mu daga Nijar. Shi ko ƙyallen rubutun Larabci ba ya bari a ƙasa.

Muna can na sayo wani littafin Larabci a kasuwar birnin Sabha, labarin mutanen da jirgi ya kai wata duniyar. Rannan na neme shi na rasa. Ashe tsohon ya ɗauka na addini ne, ya adana shi a gafaka tare da Alƙur'aninsa.

Sai bayan kwana uku, muna hutun azahar a gindin dabino, shayi na tafasa, na daure na ce, "Baba, littafin nan fa tatsuniya ce, ta wata duniya da rana biyu ke fitowa a samanta."

Ya tuntsire da dariya. "Allah sarki, bayin Allah! Mu guda ɗaya ma ta gasa mu. Ɗauko ka karanta mana, mu ji yadda suka ƙare."

Baba, Allah Ya ba ka inuwar da ba ta gushewa.